Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A wannan karo za mu ɗan yi nisa da gida, mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu duba wata al'ada ta mutanen can wadda da jin farko mutum zai ce ba ruwanmu da ita. Al'adar kuwa ita ce ta sayen tsohuwar mota mai ɗaki, wadda ta shekara 40 ko 50 a duniya, a zauna a gyara ta tsaf, sa'an nan a kwashi iyali a tafi yada zango kusa da wurin wasa na Disney. Muna roƙon mai karatu ya daure ya bi mu har ƙarshe, domin a cikin labarin akwai abin da ya shafi direbobinmu da makanikanmu, da ma duk wanda yake shiga mota.

To, mece ce mota mai ɗaki? Mota ce mai girman ƙaramar bas, amma maimakon kujerun fasinja an shirya cikinta kamar ɗaki da falo. Akwai gado, akwai teburin cin abinci wanda in dare ya yi ake saukar da shi ya zama gado na biyu, akwai murhun gas da firji da wurin wanke kwanuka, ga kuma ɗan makewayi da wurin wanka. A ƙarƙashinta akwai tankin ruwa mai tsabta da wani tankin da ke tara ƙazanta, a gefe kuma ga janareta. Duk inda dare ya riski mai ita, nan ne gidansa.

Abin ya samo asali tun da daɗewa. A 1919 waɗansu masu yawo da motoci suna kwana a hanya suka kafa ƙungiya a garin Tampa na jihar Fulorida, aka yi musu laƙabi da matafiya masu gwangwani. A Jamus kuma kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ƙaramar bas ɗin nan mai inji a baya a 1950, wadda dattawanmu suka sani da sunan Kombi, kuma tun daga 1951 kamfanin Westfalia ya shiga sa mata gado da kabad don masu yawon hutu. Ba a daina ƙera irin tsohuwar Kombi ɗin ba sai a ƙarshen 2013, a ƙasar Birazil. Amma wadda za mu ɗauka misali a yau ita ce ta kamfanin General Motors, wadda ake kira GMC, domin a cikin masu gyaran tsofaffin motoci masu ɗaki a Amurka tana da masoya na musamman.

An ƙera ta ne a garin Pontiac na jihar Mishigan daga 1973 zuwa 1978, kuma duka-duka guda 12,921 aka yi. Iri biyu ce, mai tsawon ƙafa 23 da mai ƙafa 26. Abin da ya bambanta ta da sauran na zamaninta shi ne, sauran kamfanoni sukan sayi ƙashin babbar motar kaya ne su gina akwati a kai, ita kuwa an tsara ta tun daga tushe don wannan aiki. An ɗauko inji da giyar wata motar ƙasaita mai suna Oldsmobile Toronado aka sa mata, inji mai silinda 8 da girman lita 7.5, wanda tayoyin gaba yake ja. Tun da tayoyin gaba ke ja, babu farfela da ta ratsa ƙarƙashin mota zuwa baya, saboda haka daɓen ya sauko ƙasa-ƙasa, tsoho da yaro suna shiga ba wahala. Tayoyinta 6 ne, biyu a gaba, huɗu a baya, ɗaya na bin ɗaya a kowane gefe, kuma maimakon sifirin na ƙarfe jakunkunan iska ne ke ɗauke da bayan. Jikin kuwa alminiyam ne da wata irin roba mai zaren gilashi, waɗanda tsatsa ba ta cin su.

Sai dai motar ta zo duniya a mugun lokaci. A watan Oktoba na 1973, shekarar da ta fito, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka mai saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila, cikin 'yan watanni farashin gangar ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu. Ita kuwa wannan mota ma'abociyar shan mai ce, lita ɗaya ba ta kai ta kilomita 5. Aka yi ta lallaɓawa, a 1977 aka sa mata inji mai ɗan dama-dama na lita 6.6, daga bisani kamfanin ya ga kasuwar ba ta biya, ya rufe layin. Abin mamaki shi ne, kusan shekara 50 da daina ƙera ta, dubbai daga cikinsu suna nan suna tafiya a kan titi. Kamfanin da ya haife su ya daɗe da juya musu baya, masu su ne suka riƙe su.

Yadda abin yake faruwa shi ne, mutum ya ji labarin wata tana ajiye a bayan gidan wani tsoho, ko a rumbun gona, ta shekara 10 ko 15 ba a tayar da ita ba. Ɓeraye sun yi gida a katifa, labule ya ruɓe, fenti ya koɗe. Ya saye ta da araha, ya sa a jawo ta zuwa ƙofar gidansa. Daga nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo idonsa na kan abin da maƙwabta za su gani, wato fenti da labule da sababbin kujeru. Waɗanda suka daɗe a harkar kuwa suna da tsari guda da suke nanata wa kowane sabon shiga: a fara da abin da zai tsayar da mota, sa'an nan abin da zai tafiyar da ita, sa'an nan abin da zai hana ta kashe masu barci a cikinta. Ado shi ne na ƙarshe. Bari mu bi tsarin ɗaya bayan ɗaya.

Na farko taya. Tayar da ta daɗe a ajiye tana iya kasancewa da zanenta raɗau kamar sabuwa, alhali robar ta bushe ta tsattsage daga ciki. Irin wannan ita ce kyan ɗan maciji. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta, a ƙarshen jerin haruffan da suka fara da DOT. Tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu ne: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 ke nan. In kuwa lambobi uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, ba ta da sauran amfani sai dai a yanka a yi takalmi ko guga. Kamfanonin motoci da na taya suna ba da shawarar a sauke taya in ta kai tsakanin shekara 6 zuwa 10, ko da ba ta sha hanya ba. Masu GMC suna da ƙarin matsala, domin asalin ƙafafunta masu inci 16.5 ne, tayarsu ta yi wuyar samu, saboda haka yawanci sukan sauya su da masu inci 16.

Na biyu birki. Motar da ta kusa tan 5 in an cika ta da kaya ba a tsayar da ita da fatan alheri. Man birki yana da wani hali da mutane da yawa ba su sani ba, wato yana shan danshin iska a hankali. In ruwa ya yi yawa a cikinsa, abu biyu ke faruwa. Yana cin bututun ƙarfe da tsatsa daga ciki, kuma a doguwar gangara, in birki ya yi zafi, ruwan ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Don haka mai gyaran kirki yakan zubar da tsohon man gaba ɗaya, ya sauya bututun da tiyo-tiyon roba, ya buɗe kowace ƙafa ya duba. A wannan mota har ila yau ana sa ido ƙwarai a kan boris na ƙafafun gaba, domin su ke ɗauke da nauyin inji, su ke ja, su ke juyawa, kuma an san su da gajiya.

Na uku inji da hanyar mai. Shi injin Oldsmobile jarumi ne, in an kula da shi yana daɗewa. Amma akwai wani haƙorin da ke juya sarƙar cikin inji wanda kamfanin ya lulluɓe da roba don rage ƙara. In ya tsufa robar takan farfashe, gutsattsarin su faɗa cikin baƙin mai su toshe matatar famfo, ko sarƙar ta yi tsalle inji ya mutu a tsakiyar hanya. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ana cire shi a sa na ƙarfe zalla. Sai lagireto, a wanke ko a sauya. Sai kuma tiyon fetur, wanda ya fi kowanne haɗari. Fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yanzu yawanci an gauraya shi da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol, wanda ke cinye irin robar da aka yi amfani da ita a shekarun 1970. Tankunan mai biyu ne a ƙarƙashin daɓe, dole a sauke su kafin a kai ga tiyon da ke bisansu, aiki ne mai gajiyarwa wanda malalaci zai so ya tsallake. Amma a tuna, injin wannan mota yana ƙarƙashin daɓe ne tsakanin kujerar direba da ta mai zaman gaba, kuma ƙofa ɗaya tak gare ta, a gefen dama. In wuta ta tashi, iyali duka ta wannan ƙofa za su fita.

Na huɗu gas da hayaƙi, wato abokan gaba na cikin dare. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in yana zuba ba ya tashi sama ya fice ta taga, kwanciya yake yi a ƙasa yana taruwa, yana jiran ƙyastu ɗaya. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a kaɗa sabulu da ruwa a shafa a kowace mahaɗa, inda aka ga kumfa na tasowa nan ne ɓarakar. Ba a gwada gas da ashana. Shi kuwa hayaƙin janareta da na salansa yana ɗauke da wata guba da ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mai barci ya zarce ba tare da ya farka ba. Saboda haka masu gyara suna sauya salansar da ta huje, su toshe duk wata kafa a daɓe, su kuma kafa 'yan na'urori masu ƙara, ɗaya don gas a ƙasa-ƙasa, ɗaya don wannan guba, ɗaya don hayaƙin gobara, ga tukunyar kashe wuta kusa da ƙofa.

Na biyar ruwan sama. Mun ce jikin motar ba ya tsatsa, amma ƙashin da ke ƙarƙashi ƙarfe ne, daɓen kuma katako. Robar tagogi da mahaɗar rufi in sun bushe, ruwa yakan shiga a ɓoye, ɗigo-ɗigo, shekara da shekaru, ya bi bayan bango ya sauka a daɓe ya ruɓar da shi. Wanda ya shimfiɗa sabuwar darduma a kan ruɓaɓɓen katako bai toshe yoyon ba, ya yi aikin baban giwa. Sai an gama da waɗannan duka, an bi wayoyin lantarki an cire waɗanda ɓera ya ci, an sa sababbin jakunkunan iska a baya, sa'an nan ake kiran mai fenti. Waɗansu sukan shekara biyu ko uku a kan wannan aiki, suna yi ranakun Asabar da Lahadi, kuma sau da yawa abin da suka kashe ya fi abin da za su samu in sun sayar. Sun sani, ba su damu ba, domin ba don ciniki suka yi ba.

Akwai wani abu kuma da ya riƙe waɗannan motoci, wato zumunci da rubutu. Masu su suna da ƙungiyoyi a sassa daban-daban na Amurka da Kanada, suna haɗuwa lokaci-lokaci, wanda ya iya abu ya koya wa saura. Littattafan gyara da kamfanin ya buga tun farko suna nan ana ta yaɗa su. Duk wanda ya gano wata dabara, ko ya gano cewa kayan wata motar suna shiga wannan, sai ya rubuta ya ajiye don na baya. Akwai ƙananan kamfanoni da suka dogara kacokan a kan ƙera mata kayan gyara. Har jerin sunaye suke da shi na 'yan'uwa masu irin motar waɗanda suka yarda a neme su in wani ya lalace a kusa da garinsu, su zo da jak da sifana, ko su ba shi wurin ajiye mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, an gama gyara, sai ina? Ga iyalai da yawa, babban gwajin shi ne tafiya Fulorida. Daga Mishigan inda aka ƙera motar zuwa birnin Orlando kusan kilomita 1,900 ne, wato kamar mutum ya yi Kumasi zuwa Tamale sau 5. A kusa da Orlando ne kamfanin Disney ya sayi fili mai faɗin eka wajen 27,000 a tsakiyar shekarun 1960. Shi Walt Disney, mai kamfanin, ya rasu a Disamba 1966 bai ga an buɗe ba. An buɗe wurin ranar 1 ga Oktoba 1971, da dandalin farko mai suna Magic Kingdom, inda ake da fādar tatsuniya, da jiragen wasa masu hawa da gangara, da mutane sanye da kamannin dabbobin majigin yara, da wasan wuta a sama da dare. Daga baya aka ƙara waɗansu dandali, har da na namun daji a 1998.

Makonni kaɗan da buɗewa, ranar 19 ga Nuwamba 1971, aka buɗe masaukin masu motoci da tantuna a cikin filin, aka sa masa suna Fort Wilderness. Daji ne na eka 750 a bakin wani tafki, da wuraren tsayawa kimanin 800. Kowane wuri yana da daɓen ajiye mota, da famfo, da wurin jona lantarki, da tebur da murhun gashi, mafi yawansu kuma da bututun zubar da ƙazanta. Barewa da talo-talon daji suna yawo tsakanin motoci. A nan ne kuma bargar dawakin wurin take. Da safe iyali su shiga jirgin ruwa ya tsallaka da su zuwa dandalin wasa, da yamma su dawo, a hura wuta a fili, a nuna wa yara majigi a waje. Motar da aka ƙera a 1975 da masaukin da aka buɗe a 1971 tsara ne, shi ya sa kakanni da yawa suke son su kai jikokinsu inda iyayensu suka kai su, a cikin irin motar da aka kai su.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na banza ne. Tun 2015 kuɗin shiga Magic Kingdom na yini ɗaya ga babban mutum ya haura dala 100, kuma wurin tsayar da mota a wannan masauki shi ma yakan haura dala 100 a dare, ga shi sai an kama wuri tun watanni kafin lokaci. Masu ƙaramin ƙarfi sukan sauka a masaukan da ke wajen filin, a yankin Kissimmee, inda ya fi sauƙi. Ribar mota mai ɗaki ita ce mutum shida ko fiye ba sa biyan ɗakunan otal, kuma tukunyarsu na tare da su. Ga 'yan'uwanmu mazauna can, irin na unguwar Bronx a birnin New York, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai tukunyarsa ya san abin da ya ci halal ne, ya kuma san inda zai shimfiɗa dardumar salla. Sai dai akwai abin lura. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, kuma an sha rufe masaukin a kwashe mutane in babbar guguwa ta doso. Tafkunan Fulorida kuma suna da kadoji. A Yuni 2016 kada ya kama wani yaro ɗan shekara 2 a bakin ruwa a wani otal na cikin filin, yaron ya rasu, daga nan aka kafa shinge da allunan gargaɗi. Bugu da ƙari, waɗansu masaukai masu zaman kansu a Amurka ba sa karɓar motar da ta wuce shekara 10 sai sun ga hotonta sun tabbata tana da kyan gani. Kuma kada mu manta, a biranen ƙasar akwai mutane da yawa da ke kwana a tsofaffin motoci irin waɗannan a bakin titi saboda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Abin da yake hutu ga wani, ga wani mafaka ce ta dole.

Yanzu bari mu dawo gida. Wurin da matafiya ke sauke kaya su kwana su ɗebi ruwa su huta, mu ba sai an fassara mana shi ba, domin sunansa muke amsawa. Unguwanninmu zango ake ce musu saboda kakanninmu fatake a nan suka riƙa yada zango da jakunansu a kan hanyar goro ta Gwanja da Salaga. Madugun kirki ba ya tayar da ayari sai ya duba kofaton dabbobi da igiyoyi da salkunan ruwa, shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran tsohuwar mota ma ba baƙonmu ba ne. Wanda ya shiga Magazin na Suame a Kumasi, ko kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Ankara babban birninmu, ya san cewa makanikanmu suna tayar da motar da Bature ya riga ya yi wa jana'iza. Abin da mutumin Amurka yake yi don sha'awa da kuɗin aljihunsa, namu suna yi kullum don neman tuwo, da kayan aikin da ba su kai nasa ba. Wajen basira ba a fi mu ba.

Inda aka bar mu a baya shi ne wajen tsari. Sau nawa muke ganin motar haya ta sha sabon fenti, an rubuta mata Haƙuri Maganin Duniya a goshi, rediyo na tashi, amma tayoyinta tsofaffi ne da aka sauke daga wata motar a Turai, birki kuwa sai direba ya taka sau uku? Sau nawa ake mayar da tasi mai amfani da gas, a ɗaure tiyo da waya a ce Allah ya kiyaye? Alƙaluman hukuma sun nuna a 'yan shekarun nan fiye da mutum 2,000 ke rasa rayukansu kowace shekara a hatsarin hanya a Gana. Gudu da ganganci da lalacewar hanya suna da nasu kaso, amma taya da birki ma suna da nasu, kuma su ne ke hannun mai mota tun kafin ya bar tasha. Mun san uzurin: kayan gyara sun yi tsada, mai mota na jiran kuɗin yini, yara na jiran na makaranta. Gaskiya ne. Amma in kuɗin bai isa a yi duka ba, nan ne tsari yake da amfani, a sa ɗan abin da ke akwai a taya da birki, fenti ya jira baɗi. Takardar lafiyar mota da ke manne a gilashi ba ita ke tsayar da mota a gangara ba.

Saboda haka muna kira ga direbobinmu da masu motoci, ku duƙa ku karanta lambobin nan huɗu kafin ku biya kuɗin taya. Ku zubar da man birki ku sa sabo duk bayan shekara biyu. Ku ajiye tukunyar kashe wuta mai aiki inda hannu zai kai. Ga iyayenmu mata masu girki da gas, kwanon ruwan sabulu ya isa ya tsare gida, kuma kada a yarda a kunna janareta a cikin ɗaki ko a zaure ko gindin taga, komai tsoron ɓarayi. Ga iyayen gidan gareji, ku sayi littafi ku sa yaro mai ilmin boko ya riƙa rubuta abin da aka yi wa kowace mota da ranar da aka yi, da dabarun da kuka gano cikin shekara 30 da kuka yi kuna kwance a ƙarƙashin motoci, domin in babba ya tafi da iliminsa a ka, an yi asarar da ba ta da mayewa. Mu kuma sauran jama'a mu daina kallon yaron da ya tafi koyon kanikanci kamar wanda ya rasa abin yi. Rayukanmu a hannunsa suke duk ranar da muka hau mota.

Tsufa kaɗai ba ya kashe mota, kuma ba ya sa ta kashe mutane. Ga ta can mai shekara 50 tana ɗaukar kaka da jikoki kilomita dubu da ɗaruruwa ta dawo da su lafiya, saboda an fara gyaranta daga inda ido ba ya gani. Allah ya tsare matafiyanmu, ya kai kowa zangonsa lafiya, ya sa albarka a sana'ar masu sana'a. Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara, musamman daga cikin makanikai da direbobi, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya aiko da wasiƙarsa ta hannun edita. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.